Ranar da Aka Sallami Baba Daga Asibiti

Ina aji uku a makarantar sakandare ta kwana a Karaye shekarar da bakin garma ya sari Baba a ƙafa. A ƙarshen shekarun tamanin ne, da farkon damina. Yana huɗa da bijimanmu biyu a gonar da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Jajaye, sai ɗaya daga cikinsu ya firgita, ya fizgi garmar, ƙarfen ya bi ta kan yatsun ƙafarsa ta hagu. Baba ba mutumin asibiti ba ne. Ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya ɗaure da tsumma, washegari ya koma gona. Sai da ƙafar ta kumbura har ƙwauri, ta fara wari, zazzaɓi ya kayar da shi, sannan ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ya sa shi a mota ya kawo shi asibiti a Karaye.

Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne a gidanmu bokona ya wuce firamare. A gida ana ganin babu Turancin da ban sani ba. Ni ma, in gaskiya za a faɗa, haka nake gani. Ina da wani littafin rubutu mai jan bango, a shafukansa na baya nake tara kalmomi: Turanci a hagu, Hausa a dama. Kowace kalma ma'ana ɗaya nake ba ta, in haddace, in wuce gaba.

A zangon da ya gabaci wannan, malaminmu na kimiyya ya taɓa shigowa aji da batirin mota da waya da ƙaramin ƙwan fitila, zai nuna mana yadda wuta ke tafiya. Ya haɗa, ƙwan bai kama ba. Ya sake haɗawa, shiru. Sai ya kaɗa kai ya ce, "The battery has been discharged." Wani daga bayan aji ya tambaye shi abin da ake nufi. Malam ya ce da Hausa, "Ya mutu ke nan. Babu sauran rai a cikinsa." Na juya bayan littafina na rubuta discharged a hagu, na rubuta "ya mutu" a dama.

Da aka kwantar da Baba, malamin da ke kula da ɗakin kwananmu ya riƙa ba ni izinin fita in je in duba shi. Baffa ne ke jinya, yana kwana a tabarma a barandar ɗakin maza. A gadon da ke kusa da na Baba akwai wani tsohon masaƙi, mutumin cikin gari, mai yawan barkwanci. Kullum na shigo sai ya ce, "Ga Baturen gidanku ya zo, a gyara zama." A zuwana na uku na tarar ba ya nan. An naɗe katifarsa gida biyu, an bar ƙarfen gadon a fili, wata mata mai shara tana goge shimfiɗar roba da wani magani mai hawa kai. Ban tambaya ba. Baffa ne ya ja ni gefe ya ce, "Da asuba ya cika." Tun daga ranar na san abin da naɗaɗɗiyar katifa take nufi a wannan ɗakin.

Bayan kwana biyu aka shiga da Baba tiyata, aka cire masa yatsu biyu. Washegarin aikin na je na same shi jikinsa kamar garwashi. Ya dube ni bai gane ni ba. Yana ta magana da Fillanci, yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya, can kuma ya kama kiran mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun bai yi wayo ba. Na riƙe hannunsa, ya fizge. Baffa ya ce in koma makaranta, in yi ta addu'a.

Daga nan aka fara mana gwaji, aka hana kowa fita. Kwana shida ban sa ƙafa a asibiti ba, ba kuma wanda ya zo mini da labari. Ina zaune a aji, takardar tambayoyi a gabana, amma abin da nake ji a kunnena muryar Baba ce yana kiran shanu.

A kwana na bakwai, da muka fito daga gwajin ƙarshe da hantsi, na je na tsuguna gaban malamin ɗakinmu. Ya ba ni izinin awa biyu. Ranar kasuwar Karaye ce, hanya cike da masu jakuna da masu kekuna da mata ɗauke da ƙoren nono. Na ratsa su da sauri har asibiti.

Baranda na fara dubawa. Tabarmar Baffa ba ta nan, butarsa ma babu. Na ce a raina wataƙila ya je kasuwa. Na shiga ɗakin. Daga bakin ƙofa na hango gadon Baba, na biyar a layin taga. An naɗe katifar gida biyu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na tuna dai wani mara lafiya ya ce in matsa masa zai wuce. Na ƙarasa har gadon, na leƙa ƙarƙashinsa, inda Baba ke ajiye takalminsa ƙafa ɗaya da kwanon furarsa. Babu komai. Marasa lafiyar da ke gefe da gefe duk baƙi ne, ban san ko ɗaya ba, kuma na ji tsoron in tambaye su da Hausa, don in sun ba ni amsa da Hausa babu inda zan ɓuya.

A teburin da ke ƙarshen ɗakin akwai nas, 'yar Kudu, ba ta jin Hausa sosai. Na taɓa gaishe ta da Turanci sau biyu, ta yaba mini. Na je na tsaya gabanta, na haɗa jimlata a kai tukuna, sannan na tambaye ta ina mutumin da ke gado na biyar, mai ciwon ƙafa, mahaifina ne. Ta buɗe wani babban littafi, ta bi layi da yatsa, ta ɗago ta ce, "He has been discharged."

Na ji maganar sarai. Na ga shafin littafina a idona, da rubutun hannuna, hagu da dama.

Na ce, "When?"

Ta ce da safen nan ne, kuma 'yan'uwansa sun tafi da shi gida. Ta mai da kanta kan aikinta.

Na ce, "Thank you, ma." Har yau ina mamakin wannan godiya. Na ɗauka haka masu ilimi suke faɗin mutuwa, a lulluɓe, kamar yadda mu ma ba mu cika cewa wane ya mutu ba, sai mu ce ya cika, ko ya riga mu gidan gaskiya. Na ɗauka ma ta kyauta mini ne da ba ta faɗa gatsau ba.

Na fito. Rana ta yi fari fat. Abu ɗaya ne a kaina: in da safe ya cika, to kafin azahar za a kai shi, kuma ni ɗansa na fari ba zan kasance a wurin ba. Ban ko tuna da makaranta ba, ban tuna da awa biyun da aka ba ni ba. Na nufi tasha.

Hanyar tasha ta bi ta gefen kara, inda ake cinikin shanu. A nan na ji an kira ni da sunan da ake kirana a gida. Wani dillalin shanu ne, abokin Baba tun suna samari, mutumin Falgore, maƙwabcin Goggo, yayar Baba, wadda ke aure a can. Ya taso yana murmushi, sanda a hannu.

"Kai, ɗan boko, yau ba karatu? Yaya jikin mutumin? Na ce in an tashi kasuwa zan leƙa shi."

Na buɗe baki, sai kuka ya riga magana. Ya kama kafaɗata.

"Lafiya? Yi magana mana!"

Na ce, "Baba ya rasu."

Ya saki sandar. Ya yi ta salati, ya cire hularsa ya mayar. Mutanen da ke kusa suka matso, aka ɗaga hannu aka yi addu'a a nan tsakiyar kara, shanu na kuka. Ya tambaye ni yaushe, na ce da safe. Ya tambaye ni wa ya gaya mini, na ce nas. Bai ƙara tambaya ba. Wa zai yi musu da ɗan sakandare a kan abin da nas ta faɗa?

Ya ce, "Kai wuce gida. Ni bari in hau babur in je in gaya wa Goggonka, kada ta ji a bakin duniya."

Shi ya raka ni tasha, ya sa ni a ƙaramar bas mai zuwa Rogo, ya juya da sauri.

Motar ba ta cika ba, sai da muka jira. Ina zaune a kujerar baya, kaina a kan gwiwa. Ina tunanin Inna. Ina tunanin ƙannena huɗu, da gonar da aka bari rabi a huɗe, da bijiman nan biyu da ba sa jin maganar kowa sai ta Baba. Na ga ƙarshen karatuna a fili. Sai kuma kunya ta kama ni da na ga ina tunanin karatu alhali ko binne shi ba a yi ba.

Da muka ɗauki hanya, wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya taɓa ni da gwiwar hannu. Dogo ne, siriri, da furfura a gemu, ga wata tsohuwar rigar sanyi mai ruwan ƙasa duk da zafin da ake yi. Daga baya ya gaya mini tsohon soja ne, yanzu gadi yake yi a wani ofis a Karaye, zai je Rogo duba 'yarsa da ta haihu.

Ya ce, "Samari, kukan nan ya yi yawa. Me ya faru?"

Na gaya masa. Ya yi mini ta'aziyya, sauran fasinjoji ma suka yi. Ya tambayi ciwon, na ba shi labarin garma da yatsu da zazzaɓi. Sai ya ce, "Kana wurin ya cika?"

"A'a, Baba. Na tarar an tafi da shi. Nas ce ta gaya mini."

"Bahaushiya ce?"

"A'a. Da Turanci ta faɗa."

"Me ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa, kada ka juya."

Na maimaita masa. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Sake faɗa."

Na sake.

Ya sa hannu cikin rigar sanyinsa, ya ciro wani abu a naɗe cikin leda, ya warware a hankali saboda girgizar mota. Wani ɗan littafi ne da ya tsufa, gefensa duk ya cinye. Ya buɗe, ya ɗora babban yatsansa a ƙarƙashin wata kalma, ya miƙo mini.

"Karanta nan."

Ita ce. Harafi da harafi, ita ce.

Ya ce, "Wannan takardata ce ta barin soja. Ni ma I was discharged, shekara da shekaru ke nan. Ka ga na yi kama da gawa?"

Na sake duban kalmar, na dube shi.

Ya ce, "Sallama ke nan, yaro. A soja in an ce an yi maka haka, an sallame ka, ka tattara naka ka tafi gida. A kotu in alƙali ya faɗa, an sake ka, ba ka da sauran shari'a. A asibiti kuwa, likita ya ce ka tashi ka ba wani gado. Wa ya gaya maka mutuwa ce?"

Na ce, "Malaminmu ne. Ya ce batiri in ya zama haka ya mutu."

"Batiri!" Ya buga cinyarsa. "To ubanka batiri ne?"

Wata mata a kujerar gaba ta yi dariya, ta yi sauri ta rufe baki da mayafi. Shi bai yi dariya ba.

Ya ce, "Tsaya in tambaye ka. Da za ta gaya maka, ta tashi tsaye? Ta ce ka zauna? Ta ce maka sorry?"

"A'a. Littafi ta duba, ta faɗa, ta ci gaba da rubutu."

"To ka gani. Na daɗe da mutanen nan. Ba sa faɗin mutuwa sai sun fara da sorry. Maganar ɗaya ce, amma sai ka duba a ina aka faɗe ta, a kan wa, da wace fuska."

Na fara cewa alhamdu lillahi. Sai ya ɗaga hannu.

"Kada ka yi sauri. Ba zan ruɗe ka ba, tunda kai ne babba a gidanku. Sallamar asibiti iri biyu ce. Akwai wanda ake sallama don ya warke. Akwai kuma wanda likita zai duba ya ga babu sauran dabara, ya ce a kai shi gida cikin iyalinsa. Wani lokaci ma dangi ne ke cewa a ba su mutuminsu. Duk kalmar nan ɗaya ake rubutawa. Ba ta gaya maka wa ya yi sallamar ba, ba ta gaya maka dalili ba. Yaya ka bar shi?"

Na ce, "Bai gane ni ba."

Ya kaɗa kai, ya mai da littafinsa cikin leda. "To, sai ka je ka gani da idonka. Da safe dai da ransa ya fita. Wannan na tabbatar maka."

Sauran tafiyar na yi ta ne da tsoro biyu, kowanne na ture ɗan'uwansa. In Baba irin sallama ta biyu aka yi masa, wataƙila ya cika a hanya, wataƙila yanzu haka yana kan gargara. In kuwa ta farko ce, to ni na tsaya a tsakiyar kasuwa na ce ubana ya mutu alhali yana raye, ga mutum can a kan babur ya tafi da maganar Falgore. Na rasa wanne zan roƙi Allah a kai. Ina roƙon Baba ya rayu, ina kuma tsoron haɗa ido da Goggo. Goggo ita ta goyi Baba bayan rasuwar kakarmu, kuma tana da ciwon da in hankalinta ya tashi sai ta faɗi.

A Rogo muka rabu da dattijon. Ya ce, "Allah ya sa ka tarar da alheri." Ban tambayi sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Daga Rogo na sami motar kaya ta rage mini hanya, sauran na taka da ƙafa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya duk taɓo, takalmin makaranta na ta zamewa, na cire na riƙe a hannu. Dawa ta kai gwiwa a gonakin mutane. Na riƙa duban masu noma daga nesa. In da an yi rasuwa a ƙauyenmu, da ba za a gan su a gona ba. Amma waɗannan gonakin na mutanen wani ƙauye ne, ba su gaya mini komai ba.

Maƙabartarmu tana gefen hanya kafin a shiga gari. Da na hango itatuwan da ke kewaye da ita, sai na rage tafiya. Na tsaya. Na ce ba zan duba ba, zan wuce kaina a sunkuye. Na yi taku kamar goma, sai na ga ba zan iya ba. Na koma, na leƙa ta saman shingen ƙaya, na bi kaburburan da ido layi layi ina neman jar ƙasa sabuwa. Duk ciyawa ta rufe su. Akwai guda ɗaya a can ƙarshe da ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba, na ɗauka shi ne, amma da na ƙura ido na ga gajere ne, na yaro ne, kuma ruwa ya riga ya dake shi.

Ba a kai shi ba tukuna, na ce a raina. Ko dai ba a kai ga haƙa ba.

Na bi ta masallaci don in ga makara. Tana nan jingine a bangon baya inda take kullum. Wannan ma bai kwantar mini da hankali ba, don sai an gama wanka ake zuwa ɗaukarta.

Da na karya kwanar gidanmu, na ga tabarmi a ƙofar gida, maza zaune sun kai goma sha, takalma a jere, kekuna jingine da katanga. Na dafa bangon maƙwabta. Daga nan nake kallonsu, ina jira in ga wani ya ɗaga hannu an shafa fatiha. Ba wanda ya ɗaga. Wani yana ɓare goro. Can sai na ji dariya, dariyar Baffa, wadda ba ta ɓuya.

Na ƙarasa. Ban san ko na yi sallama ba. Baffa ya ce, "A'a, kai kuma daga ina? Dubi ƙafarka!"

Na wuce shi na shiga zaure.

Baba na zaune a kan buzu, ya jingina da bango, an ɗora ƙafar a kan matashi, naɗe da farin bandeji. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, idanunsa sun faɗa. Yana riƙe da ludayi, ga ƙwaryar fura a gabansa. Ya dube ni, ya kira sunana.

Na zube a gabansa, na kifa kaina a gwiwarsa mai lafiya, na yi ta kuka kamar ƙaramin yaro, a gaban mutane. Ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, ya isa. Yatsu biyu ne, ba kai aka cire ba. Wa ya ba ka izinin barin makaranta?"

Baffa ya ba ni labari. Zazzaɓin ya sauka kwana biyu bayan zuwana na ƙarshe. Likita ya duba ciwon jiya ya ce ya yi kyau, a je gida, a riƙa zuwa ɗakin shan magani na Rogo ana wankewa. Sun so su biya ta makaranta su gaya mini, mai motar ya ce sauri yake yi.

Ina jin wannan duka, amma kunnena yana waje. Na san abin da ke tafe. Sau uku ina buɗe baki in faɗa, sai wani ya shigo dubiya, a shiga gaisuwa. Na shiga cikin gida na gai da Inna, ta zuba mini ruwa in wanke ƙafa, ta sa mini tuwo a gaba. Na kasa kai loma. Ta ce, "Ba ka da lafiya ne?" Na ce lafiyata ƙalau.

Ana idar da sallar la'asar muka ji ƙarar mota ta tsaya a bakin gari. Sai kuma kuka, kukan mata da yawa, yana matsowa. Mazan da ke ƙofar gida suka miƙe suna tambayar juna wa ya rasu. Ni kaɗai na sani. Na tsaya a bakin zaure.

Goggo ce a gaba, mata biyu na riƙe da ita, mayafinta na jan ƙasa. Bayanta mijinta da 'ya'yanta da maƙwabta, da dillalin nan yana tura babur. Tana kiran Baba da sunan da take kiransa tun yana yaro, tana cewa da Fillanci an raba ta da ɗan'uwanta ba ta gan shi ba. Da ta ga tabarmi da taron maza, sai kukan ya ƙaru. Baffa ya tare ta, yana kiranta yadda suke kiran yaya da Fillanci, yana cewa, "Adda, lafiya? Wa ya mutu?" Ba ta ma ji shi ba. Ta kutsa zaure.

Baba ya ɗago ya ce, "Adda, sannu da zuwa."

Ta tsaya cak. Kukan ya yanke kamar an rufe ƙofa. Ta yi baya taku ɗaya, ta sulale. Matan suka tare ta kafin kanta ya bugi ƙasa. Aka kawo ruwa, aka yayyafa mata, Inna ta fito ba ko mayafi tana yi mata fifita. Wannan shi ne lokacin da na fi jin tsoro a duk ranar, fiye da gaban naɗaɗɗiyar katifa, fiye da bakin maƙabarta. Na ce shi ke nan, na kashe Goggo da bakina.

Ta buɗe ido bayan wani lokaci da ban san tsawonsa ba. Ta rarrafa har inda Baba yake, ta shafa fuskarsa, ta kama kunnensa ta ja, kamar mai son ta tabbatar. Sannan ta sake fashewa da kuka, wani iri dabam.

Da aka natsu, Baba ya ce, "Wa ya kai muku wannan magana?"

Dillalin ya dube ni. Ya sunkuyar da kai. Na fito tsakiya na durƙusa, na faɗi komai, tun daga katifa har batirin malamin kimiyya. Na jira mari. Baba bai taɓa dukana a gaban mutane ba, amma ranar na ga ya cancanta.

Ya ce, "Da ba ka gane ba, me ya hana ka tambayi na kusa da gadon? Ba Hausawa ba ne?"

Na ce, "Tsoro na ji."

Ya ce, "To. Je ka ba Goggonka haƙuri."

Na matsa gabanta. Ta ɗauke kai. Sai da na maimaita sau uku sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Allah ya shirye ka. Ka tashi daga gabana."

Washegari Baffa ya mai da ni makaranta da kansa, ya yi wa malamin ɗakinmu bayani. Bai hana a ba ni yankan ciyawa na kwana uku ba. Labarin ya zaga makaranta, har malamin Turanci ya shigo aji ya rubuta jimlar nas a allo, ya sa muka kawo wuraren da za a iya faɗinta, da abin da take nufi a kowane wuri. Ya ce irin wannan ginin kamar "an" ɗinmu ne na Hausa: an sallame shi, an kama shi, an kira ka. Ana faɗin abin da ya sami mutum, a bar wanda ya aikata a rufe, sai mai sauraro ya cike da kansa. Bai ambaci sunana ba, amma duk ajin ni suke kallo.

A gida kuwa maganar ba ta mutu da wuri ba. Mutanen da suka yi addu'a a kara sun watsu da ita zuwa garuruwansu, kuma babu mai bin su ya warware. Inna ta ce kwana huɗu ana zuwa ta'aziyya, wasu daga nesa, a kan keke, cikin taɓo. Baba ya hana a tare su a waje. Ya ce a bar su su shigo zaure. Sai mutum ya yi sallama da murya ƙasa ƙasa, ya shigo, ya tarar da mamacin zaune yana shan fura. Wani ya ja da baya, wani ya zauna daɓas, wani tsoho ma ya juya zai gudu sai da Baffa ya riƙo rigarsa. Baba kuwa sai ya miƙa hannu ya ce, "Sannu da hanya. Na gode ƙwarai. Yaya muka ji da haƙuri?"